Yadda Za Ka Zaɓa wa 'Yarka Aikin Haƙori Ba Tare da Ka Gane Komai Ba

Autarka ta daina tauna da gefen hagu, kuncinta ya ɗan tasa, uwarta kuma ta ce yau kai za ka kai ta. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka fito daga asibiti da girmanka na uba cif.

1. Shiga da ilimi

Kafin a kira ku, duba labarin ciwon haƙori a waya a kan bencin jira. Kanun labarin sun isa. Mai karanta har ƙasa shi ke rikicewa.

2. Gyaɗa kai

Likita za ta ɗaga hoton turmin, wato haƙorin taunan, ta ce, "Kogon ya kai jijiya. Ko mu cire ta saman kawai, mu sa magani, mu rufe, idan ta cikin saiwar tana da lafiya. Ko mu kwashe ta duka har ƙasa mu cike, idan ta riga ta ruɓe." Kai dai inuwa kake gani. Ka ce, "Haka na yi zato." Ai gemu ba ya tambaya.

3. Kawo hanya ta uku

Faɗa mata abin da surukarka ta ce: haƙorin yarinta ne, famfara za ta yi maganinsa. Za ta amsa cewa wannan turmin da sauransa, shi ke riƙe wa na girma wuri. Yi murmushi, kamar gwada ta kake yi.

4. Hana yarinya magana

Likita za ta sunkuya ta ce, "'Yata, sai kin ci abu yake ciwo, ko haka kawai?" Yi sauri ka ce sai ta ci. Idan Auta ta ce, "A'a Baba, kullum yake yi, kai dai ba ka gida," kalli fankar sama. Wannan amsar ce za ta sa a kwashe jijiyar duka. Ka ce dama wannan hanyar ka zaɓa.

5. Tsaya kusa da allura

Namiji ba ya komawa bayan labule. Idan ɗakin ya fara juyawa, jingina da bango a hankali har ka kai ƙasa. Nas za ta ɗaga maka ƙafafu. Auta, baki cike da auduga, za ta miƙo hannu ta riƙe yatsanka har a gama.

6. Kai rahoto gida

Ka ce kun yi shawara da likita, ta bi ra'ayinka.

Gargaɗi: ni ba likita ba ne, kuma ban san ka ba. Idan ranar komawa ta zo ka ɗauki makullin mota, Auta ta ce, "Baba, zauna ka huta, Mama ba ta jin tsoro," wannan tsakaninka da 'yarka ne.