Ƙarfen da Ke Cikin Gumina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka auna min gumi ba, ko da yake har gobe ina cewa na'urar ce ba ta da kunya.

A sito nake gadi, nan Madinar Masana'antu a ƙasar waje, inda ba ka motsi sai da izinin kafili, wato ubangidan da ya kawo ka aiki, kuma duk yaran da ke lodi sun san ni ɗan tauri ne. Ni na gaya musu. Tun a gida na sha maganin ƙarfe, wuƙa ba ta kama ni. Da wannan sunan nake tsawata musu su yi shiru.

Sai ga wata likita 'yar Najeriya ta zo da wani ɗan abu kamar filasta. Ta ce ana manna shi a hannu, in mutum ya yi gumi ya nuna mata a waya yawan ƙarfen da ke jikinsa. Ƙarfe! (Firamare ban ƙarasa ba, amma ƙarfe ai fannina ne.) Na ture yara na miƙa hannu.

Rana ta dake ni, na yi ta sharce fuska da damtse. Likita ta duba waya ta zaro ido.

"Baba, naka ya fi na kowa."

Na juya wajen Haruna, wani direba mai musun tsiya. "To ɗan nema, ka ji da kunnenka. Halas, magana ta ƙare!"

"Baba, ba abin murna ba ne fa," in ji likita. "Dalma ce, guba." Ta ƙura min ido. "Tsaya, me ka sa a idonka?"

Kwalli ne. Na ranbaɗa shi da safe (sunna ce, kada wani ya yi min dariya), gumi ya kwaso shi, ni kuma na goge a kan filastar mutane. Ta wanke min hannu, ta manna sabuwa a bayana. Wannan karon ko jariri ya fi ni ƙarfe.

Haruna ya faɗi ƙasa don dariya. Da ya tashi ya zaro wuƙar yanka kwali. "Yalla, taso Baba Kwalli, a gwada ta gargajiya mana!"

Na ce masa ba a wasa da asiri a bakin aiki.

Abin da na koya: in za a auna ka, wanke fuska tukuna. Wuƙar Haruna kuwa har yau ban yarda ta taɓa ni ba. Ba tsoro nake ji ba. Kafili ne bai ba da izini ba.