Manja a Sarƙar Kekena

Wata safiyar Lahadi sarƙar kekena ta fara kuka, man keke kuma ya ƙare. Na leƙa madafa na ɗebo manjan uwargida, ina cewa a raina ai mai duk mai ne.

Keken ya yi shiru kamar a kan ruwa yake tafiya. Daga unguwar Yakite har ta Miskine ban ji ƙara ba. Ina taka feda cikin farar shaddata, ina ganin kaina a hanyar Kamaru, manyan motoci suna kauce mini. Har na tsara jawabin da zan yi wa abokan hawan kekena kan wannan babban binciken nawa.

Na same su a gindin mangwaro suna gardamar taya. Alhaji Sani, babbanmu, ya dubi ƙafar wandona, jawur har gwiwa.

"Ƙanena, kare ne ya cije ka?"

Ina cikin bayani wata akuya ta zo ta hau lasar sarƙar.

Har yau in na iso sai wani ya sunkuya ya shinshina keken, ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan, amma a kawo gozo, tuwon rogo, mu ci."