Kaka Ya Yi wa Gem Sabis

"...da ƙafar kuma, ango? Ta bar ka ka yi barci?"

"Ƙafa ƙalau. Matsa daga haske, mummunar amarya, ina kan titi."

Jikar ta tsaya a bakin ƙofa, labule a hannunta. Kakanta, tsohon direban da 'ya'yansa suka raba da tuƙi tun da idonsa ya yi rauni, yana zaune a gefen gado, tabarau a kan hanci, ya riƙe wani abu da hannu biyu yana karkata jiki. A ƙasa ga kwali a yage, ga leda, ga 'yar kwalbar man keken ɗinki a buɗe.

Ta saki labulen. Gem ɗin hannu ne, na'urar wasa, sabo fil, na shagon da take aiki. Jiya maigidanta, mai shagon, ya ba ta ta kai wa wanda ya saya, ba ta same shi ba, sai ta ɓoye shi a saman kabad ɗin Kaka, don ɗakinsa kaɗai ne ƙannenta ba sa shiga su yi ɓarna.

"Innalillahi! Tsoho, ka buɗe?"

"Mata ta ajiye kaya a ɗakin mijinta, na wa ne? Ai na ɗauka kin tuna da ni ne bayan rowar shekara da shekaru."

"Shi kaɗai ne fa ya iso garin nan! Kamfanin da yake ƙera shi, manyan kasuwannin ƙetare yake fara cikawa, mu sai abin da ya rage. Can a jibge suke kamar bulo, nan mutum sai ya yi wata da watanni yana jira."

"To kamfanin ba shi da kai. Mutanen da titinsu yake sumul, me za su yi da motar aljihu? Mu da ramuka suka karya wa baya ya kamata a fara kawo wa."

Ta matso ta leƙa. Wasan tsere ne. Motoci suna wuce shi fuu kamar iska, shi kuwa ya kama hannunsa yana tafiya a hankali, har da rage gudu kafin gada.

"Kaka, tsere ne fa. Kai ne na ƙarshe."

"Ni ne mai rai. Kin ga wancan ɗan jan? Ɗazu ya wuce ni a kan tudu ba ko hon, yanzu ga shi can a rami. Duk 'yan iska ne, babu mai lasisi a cikinsu."

"Da wannan tuƙin ka yi shekaru kana wahalar da fasinja? Shi ya sa duk wanda ya shiga motarka da jariri yake sauka da saurayi."

"Amma da kansa a wuya yake sauka."

Sai idonta ya koma kan kwalbar. Ta ga maɓallin hagu yana sheƙi, ta ga maiƙo a yatsansa. Muryarta ta yi ƙasa, irin wadda take yi wa baƙi a shago.

"Me ka zuba masa?"

"Sitiyarin ne ya yi tauri. Sabuwar mota ba a saka ta a hanya sai an yi mata sabis. Ɗigo kaɗan na yi, ji yadda yake juyawa yanzu."

"Mai? A cikin gem? Wayyo Allah, aikina!" Ta zauna daɓas a kan tabarma. "Ko kwalin kawai aka yaga ba mai karɓa. Maigidana ya ce in ya ƙara jin ƙorafi a kaina, in ajiye masa makullin shago."

"Korar ki zai yi? Da wannan fuskar wa zai ɗauke ki? Ni kaina haƙuri nake yi."

Ta sunkuya tana tattara kwalin da ledar. Tsohon ya dube ta ta saman tabarau, ya dubi gem ɗin, sannan ya leƙa ta taga. A gindin bishiya tsohuwar motarsa tana nan inda ta daɗe, tayoyi sun kwanta, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Mai garejin unguwa ya yi zaryar neman a sayar masa har ya gaji, Kaka ya rantse ba za ta fita gidan ba sai bayan gawarsa.

Ya cusa hannu ƙarƙashin matashi, ya zaro makullin motar, wanda fatarsa ta yi baƙi, ya jefa mata a cinya.

"Kai wa mai gareji. Abin da ya bayar ki kai wa maigidanki, ya ba mutumin haƙuri, ya sake yi masa oda daga can inda suke jibge. Ki ce wannan ya samu mai shi."

Ta kalli makullin kamar zai cije ta. "Motarka, Kaka? Wadda ko jingina da ita ba ka bari a yi?"

"Waccan ta daina tafiya, wannan kuwa ba wanda zai ce idona bai kai ba." Ya ƙyalƙyale da dariya, ya gyara tabarau. "Kin ci, amarya. Amma kafin ki fita, zo ki nuna mini inda suka ɓoye hon."