Rasuwar Wuƙar Dakta Mamman

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da har yau bai huce ba, Halimatus Sa'adiyya Mamman ta Kambarawa, Katsina, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wuƙar mahaifinta, wadda ta cika washegarin Babbar Sallah, tana da shekara arba'in da bakwai a ƙasar nan.

Marigayiyar 'yar asalin Sikotlan ce, irin ƙaramar wuƙar adon da mazan can ke sokewa a safa ranar biki. Marigayi Dakta Mamman ya zo da ita da ya gamo karatun likitan dabbobi. Mariƙinta baƙin katako ne da dutse ruwan zuma a kai, a jikin ƙarfen kuma an zana sunan Dakta. Tunda take ko albasa ba ta taɓa yankawa ba, don da gangan aka bar ta a dakushe. Ba ta da surutu, sai "ƙyas" in ta koma kube.

Da aka zo rabon kayan Dakta, ita kaɗai Halima ta roƙa. Duk farkon wata takan goge ta da tsumma mai laushi da ɗigon man keken ɗinki, ba ta taɓa ƙarfen da hannu saboda gumi na kawo tsatsa. Da damina takan zare ta ta sha iska. Da ɗanta Ashraf ya fara rarrafe, ta kulle ta a can saman durowa, ta ce tashi ce in ya girma. Mutum ɗaya ta nuna wa inda makullin yake: maigidanta, Baban Ashraf. Yaro take tsoro, ba ta san babba za ta tsare ba.

Jinyar gajera ce. Ranar layya Halima ta kai yaro gaida Hajiyarta a Ƙofar Marusa. Bayan fitarta, masu fiɗa a gida suka ce wuƙaƙe sun yi kaɗan. Baban Ashraf ya buɗe durowa, ya gwada marigayiyar a babban yatsa, ya ce wannan ai cokali ce, ya kai ta wurin mai washi a bakin titi. Maƙwabta sun ji kukanta, "ƙiiii", har sunan Dakta ya goge. Ta feɗe rago biyu, aka gwada ta a ƙashi, tsininta ya karye. Daga nan aka jefa ta bahon wankin kayan ciki, ta kwana cikin ruwa. Mariƙin ya tsage, dutsen kuwa ana zaton ya bi kwata.

Har yau Baban Ashraf cewa yake yanzu ne ma ta zama wuƙa. Ya dai sayo wuƙaƙen kicin guda shida. Suna nan cikin kwalinsu.

Ta rasu ta bar kube ɗaya, da rabin kwalbar mai, da yaro ɗan shekara biyu wanda bai taɓa ganin kakansa ba.

Za a yi mata sutura ranar Asabar bayan la'asar, a kai ta ƙasan akwatin Hajiya a Ƙofar Marusa, tunda yanzu marigayiyar tana da kaifi, gidan Halima kuma akwai yaro, babu makullin da za a yarda da shi. A can za a karɓi gaisuwa. Duk wanda ya ci naman zai iya zuwa, amma ya zauna shiru. An ɗauke wa Baban Ashraf ɗaukar gawa. Nashi aikin na nan gaba: ranar da yaron ya tambayi abin da kakansa ya bar mashi, shi zai amsa.