Wayar da ta Nuna wa Inna Ɗakinmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin da ya ƙera waya mai lanƙwasasshen gilashi, uban injiniyoyi, mai ofis a saman bene inda ƙura ba ta kaiwa,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga mai hali, da fatan iyali da masu hannun jari suna cikin ƙoshin lafiya. Shekara huɗu ke nan rabona da gida. Ni mai shimfiɗa tayil ne, ina aiki a gine-ginen mutane, ina kwana ɗaki ɗaya da maza biyar, gado kan gado. Na sayi wayarku da albashin wata biyu, ga shi yanzu ƙanena ya aiko yana tambaya ko ya sayar da babur ɗinsa shi ma ya saya. Kafin in ba shi amsa na ga ya dace in fara ba ka, tunda kai ne babba.

Ba zan ci haƙƙinka ba. Batirin yana kai ni yamma, kyamarar kuma ta yi mini ƙibar da ba ni da ita. Da Inna mahaifiyata ta ga hotona sai ta ce alhamdu lillahi, ɗanta ya samu wuri. Wannan na yaba. Ga sauran.

Na ɗaya. Ranka ya daɗe, a sana'ata in gefen tayil ya lanƙwasa, shugaban aiki zai sa a ɓalle shi a cire a albashina. Ku kun lanƙwasa gefe biyu, kun ƙara kuɗi a kai, an kuma yi muku tafi. A wace makaranta ake koyar da wannan? In suna da ajin yamma, ina roƙo a sa sunana.

Na biyu. Babu gilashin kariya da ke zama a kanta. Duk wanda mai gyaran waya na bakin tasha ya manna mini, kafin sati ya ɗaga kunne, ƙurar siminti ta shige ta yi gida. Daga ƙarshe ya mayar mini da kuɗina, ya ce, "Oga, wannan ba wayar mai aiki ba ce, ta mai kallon masu aiki ce." Na saya mata riga mai kauri, rigar ta rufe lanƙwasar gaba ɗaya. To me na biya ke nan? Na cire rigar, waya ta koma sabulu a hannu.

Na uku shi ne dalilin wannan wasiƙa, don haka a yi haƙuri da tsawonsa.

A ɗakinmu akwai bango guda da Mai Fenti, ɗaya daga cikinmu, ya shafe da ragowar fentin wurin aiki. Muka haɗa hannu muka sayi labule mai ruwan zuma, ko da yake babu taga a bayansa, da furen roba, da kujera ɗaya mai hannu. A nan kowa ke zama ya kira gida ranar hutu, bi da bi. Dokar ɗaki biyu ce: in ana kira kowa ya kama bakinsa, kuma kyamara ba ta juyawa. Matar Direba ta san labulen nan a matsayin falon mijinta. Surukan Mai Walda ma sun san shi, har sun yaba zaɓensa. Inna kuwa tana da hawan jini, kuma sanin cewa ɗanta yana da ɗakinsa shi kaɗai ne ke sa ta iya barci.

Ranar hutun da ta wuce, bayan azahar, na zauna na kira ta. Tafin hannun mai tayil ba irin na masu tallanku ba ne, faffaɗa ne, duk kanta. Ya ɗan jingina a gefen nan da kuka lanƙwasa, wayarku mai ladabi ta ɗauka umarni aka ba ta, ta juya kyamara. Ni fuskar Inna nake kallo, ban kula da ɗan hotona na kusurwa ba. Ina nan ina yi mata bayanin cewa ina tunanin canza kafet, ita kuwa tana kallon Dogo ɗan ɗakinmu da singileti yana wanke safa a bokiti, da igiyar shanya da ta raba ɗaki biyu, da tukunya a kan risho kusa da takalman aiki, da Direba a gadon sama yana yanke farce. Da tsohuwar wayata ce, dishi-dishi za ta gani, in ce mata sabis ne. Taku ta ɗauki komai tar, har kyankyason da ke bin bango. A nan ma dole in yaba wa injiniyoyinka.

Sai Inna ta ce, "Wane gadon ne naka?"

Na nuna mata.

"Na sama? Kai da kake mirginawa cikin barci?"

Dogo ya ga asiri ya riga ya tonu, sai ya durƙusa da kumfa a hannu ya ce, "Ina wuni, Inna." Ta amsa masa da kyau, ta tambaye shi ko tasa uwar tana raye, ta ce ya matse safar nan sosai don ba za ta bushe a ɗakin nan ba. Daga nan ta dawo kaina: "Kada ka sake aiko mini da ko sisi. Ka tattara abin da ke hannunka ka dawo kafin shekara ta ƙare. Ƙanwarka za ta riƙa kirana ta ji ko ka sayi tikiti." Ta faɗi ƙarshen a birkice, ta nufi ni za a riƙa kira, amma ban gyara mata ba.

Na huɗu. 'Yan ɗaki sun zauna sun hana wayarku kusantar labule. Na ɗauke ta in sayar, a hanya ta sulɓe ta faɗi a kan gefen nan dai. Canjin gilashin ya kusa rabin kuɗin sabuwa. Mai gyara ya taya, na ji kunyar maimaita tayin a wasiƙar babban mutum.

Ranka ya daɗe, ban ce kai ka rataya labule ba, mu muka rataya. Tambayata ɗaya ce: lokacin da kuke gwajin wayar nan, hannun wa ya riƙe ta? An taɓa ba wanda ya yini yana cakuɗa siminti? Ko duka 'yan gwajin naku suna da ɗakin da ba ya tsoron a juya kyamara?

Ƙanena zan gaya masa ya riƙe babur ɗinsa. Duk mai tattausan hannu da falo na gaske, ya saya, waya ce mai kyau, zan ma iya ba shi tawa da sauƙi.

Allah ya ƙara wa kamfani ɗaukaka, ya miƙar da abin da ya lanƙwasa.

Naka mai biyayya da hannu biyu, ko da yake hannuwan ba su dace da wayarka ba,
Mai Tayil, gadon sama.

Ƙarin bayani, ko masu lissafinka za su so sani: abin da na iya tarawa albashin wata bakwai ne. In an cire tikiti, saura biyar da rabi. Da shi zan shiga gida.