Alhaji Tahiru Ya Gyara Sinyal

Garin Filinge ya yi sa'a da Allah ya ba shi Alhaji Tahiru. Mai sayar da taya ne a bakin tasha, amma wannan a ƙasa ne kawai. A sama shi ne masanin tauraron ɗan'adam. Tun da ya kafa parabol, farantin nan na kamo tashoshin talabijin, a gidansa ya daina kallon mutane a ido, sai dai ya kalli gajimare ya girgiza kai. Ƴan unguwa suka sa masa suna Alhaji Antan, wato Alhaji Eriya. Ya ɗauka girmamawa ce, yana amsawa.

Wata ranar kasuwar garin Baleyara, wani babban baƙo ya zo daga Yamai duba kasuwar dabbobi, masu kamara na biye da shi. Alhaji yana wurin. Ya dawo gida da wata gorar ruwa ta roba, babu komai ciki, ya ɗora ta a kan tele, ya shimfiɗa mata ƙyalle.

"Wagga gora, da hannunai ya miƙo min ita," in ji shi ga duk wanda ya shigo. "Mun daɗe muna shawara kan tattalin arziki. Ya ce Tahiru, ƙasag ga na bukatar irinku."

A makon ne ƴan kasuwar tasha za su zaɓi shugaba. Su biyu ke nema, Alhaji da Magagi mai sayar da man mota. Don haka ranar da aka nuna ziyarar a labaran rana, Alhaji ya tara dattawa a falonsa. Sai dai hoton ya yi ta tsinkewa, yana warwatsewa gutsi-gutsi. Alhaji ya dangwala yatsa a kan wani farin dishi-dishi ya ce shi ne nan kusa da baƙo.

Magagi ya matso ya duba da kyau. "Alhaji, ni dai kamar rago nika gani."

Aka yi dariya. Alhaji ya haɗiye ta da ƙyar. Da aka sanar za a maimaita shirin ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya rantse sai kowa ya gan shi har ƙwayar ido.

Nan aikin ƙasa ya fara. Ya ce tsohuwar parabol ta yi wa darajarsa kaɗan, ya aika Yamai aka ɗauko masa wata mai faɗin da sai da aka cire ƙyauren gida kafin ta shiga. Ya sauya ɗan kan da ke bakinta. Ya cire tsohuwar wayar da awaki suka tauna, ya ja sabuwa. Sai ya tsaya tsakar gida, hannu a ƙugu, ya gano babban maƙiyin da ke tare masa sinyal: bishiyar bedi da matarsa Laraba ta raina tun tana amarya, inda take daka, inda take shan iska.

"Alhaji, a ina za mu zamna in rana ta take?"

"Ke Laraba, tauraro na can sama yana nemana, ke kina zancen inuwa."

Aka sare bedi. Alhaji ya hau soro da babbar riga da sifana, yana juya parabol a hankali, Laraba na ɗaki tana faɗa masa abin da sandar sinyal ta nuna a tele. Duk wanda ya wuce sai ya sha darasi daga sama.

"Ku ba ku san ilimin ga ba. Kauce kamar faɗin farce, ka bar Nijar ka faɗa wata ƙasa."

A gaskiya, kuma dole a faɗa, ya yi nasara. Sandar ta cika ta zama kore. Hoto ya fito tar, ana iya ganin zufar mai karanta labarai. Alhaji ya zaga tasha yana gayyata, har da waɗanda ba su da ƙuri'a.

Ranar Juma'a falo ya cika. Waɗanda ba su samu wuri ba suka tsaya a tsakar gida, rana na dukansu a inda bedi take a da. Magagi ya samu kujerar gaba.

Ga Baleyara. Ga shanu, ga raƙuma, ga baƙo yana tafe yana shan ruwa. Ga kuma Alhaji, babu mai musu, har zanen hularsa ana gani. Yana kutsawa ta bayan ƴan rakiya, ya miƙa hannu, baƙo bai gani ba. Ya zaga ta ɗaya gefen ya sake miƙawa. Baƙo ya ƙarasa shanye ruwansa, ya ga hannu a buɗe kusa da shi, ya ɗora gorar a kai ba tare da ya waiwaya ba, ya wuce. Alhaji ya rusuna wa ƙeyarsa.

Ɗaya bayan ɗaya, idanu suka tashi daga hoton, suka sauka a kan gorar da ke saman tele.

"Ashe ba rago ba ne," in ji Magagi. "Ka gafarce ni, Alhaji."

Alhaji ya gyara murya. Ya bayyana wa jama'a cewa sinyal idan ya yi yawa yakan ƙara abin da bai faru ba, kuma gobe zai hau ya rage shi.

Kafin ya rufe baki, Laraba ta ratsa dattawa, ta ɗauke gorar, ta ce dama tana neman abin zuba man gyaɗa.