Yadda Za Ka Ɗura wa Alade Maganin da Aka Aiko Maka

Kai da 'yarka ta aiko wa bitamin daga Italiya, wai ya narkar maka da teɓa ya gyara ƙananan halittun da ke cikin hanjinka, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko ƙwaya ɗaya ba za ta wuce maƙogwaronka ba. Gligor na ƙauyenmu ya gwada, mutumin da duk Kirsimeti aladensa ke fin na kowa kitse, kuma ba shi da abin taƙama a duniya sai wannan.

1. Yi godiya da ƙarfi

Idan 'yarka ta bugo waya ka ce mata yadda Gligor ke ce wa tasa, "Viorica, 'yar albarka, har na fara jin sauƙin jiki." Kullum da safe ka jefa ƙwaya a baki a gaban matarka, ka ɓoye ta a kumatu. Saveta, matar Gligor, idonta kamar na shaho, amma a nan ya sha ta.

2. Nemi abokin sirri

Kare zai tofar, kaza za ta yi ta yawo da ita a tsakar gida. Alade kuwa ba ya tambaya. Tofa masa a cikin dusa ka wuce.

3. Kada ka karanta jikin kwalba

Da Italiyanci aka rubuta, kuma yawan karatu na rage ƙarfin magani. Gligor ya yi nasa lissafin: bitamin gina jiki yake yi, jikin alade kuwa kitse ne. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

4. Kare mutuncin dabbarka

Aladen zai fara tsere da kare, cinya ta ɗaure, ciki ya ɗame. Maƙwabci irin Pamfil zai leƙo ta saman shinge ya ce maka yadda ya ce wa Gligor, "Wannan alade ne ko ɗan ƙwallo?"

Ka ce, "Kitsen na ciki ne, maƙwabci. Irin na waje ai tsohon yayi ne."

5. Ranar yanka, ka daure

An babbake gashi da tattaka, an zaga da barasa, an tsaga baya. Yanzu ne kowa zai matso a auna kaurin kitse da yatsu. A kan aladen Gligor, Pamfil ya ɗora huɗu, ya janye ɗaya, ya sake janye ɗaya, ya tsaya yana kallon biyun da suka rage cike da tausayi. Gligor ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, ni ma sai da na ji masa kunya.

Saveta ta dubi aladen, ta dubi tumbin mijinta. "Tsoho, ni da nake ta zagin maganin nan. Ashe yana aiki."

Da kwano a hannu Gligor ya je roƙon kitse gidan Pamfil a wannan hunturun. Yanzu duk safiya sai ya buɗe baki ya ɗaga harshe Saveta ta duba.

Hattara

Alkawarin da na yi na maƙogwaro ne, ban ce komai game da alade ba. Idan naka ya rame, ko matarka ta gano, ba ruwana, ban san ka ba. Ni awaki nake kiwo.